Jinin Mama Lafiya Lau

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Mama da yaran ajinki. Kar ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Maganar ta fi ƙarfin bakina, kuma shagon tela ba ya rabuwa da masu kunne.

Kin san cikin matata ya sake zubewa, na huɗu ke nan. Wannan karon likita ya ce ni ma a ɗebi jinina. Na miƙa hannu ina dariya. To Auta, ashe a jikina abin yake. Akwai wasu zaruruwan gado a jikin kowa, kuromosom suke ce musu, biyu-biyu suke tafiya kamar takalma. Biyu daga cikin nawa sun karye tun asali, suka yi musayar guntaye. Ba abin da ya ɓace, shi ya sa nake garau. Amma in jiki ya zo raba su gida biyu don ya yi maniyyi, ki gafarce ni da kalmar, sai su cukurkuɗe. Wani ya tafi da ƙari, wani da giɓi, kuma cikin da aka samu da irin wannan ba ya zama. Akwai masu fitowa daidai, amma sai an dace.

Likita yana so ya san inda na gado shi. Baba ya rasu, saura Mama. Ki kai ta asibiti, ki ce gwajin suga ne. Kar kowa ya ji. Ita matar tawa ma ban faɗa mata ba.

Ki gaida Mama. Yayanki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mama tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran rigarta.

Na kai ta. Ta yi ta mita a layi wai ita ba ta shan zaƙi. Da aka gama da ita, ni ma na naɗe hannun rigata, ai ba kai kaɗai suka haifa ba. Sakamako ya fito. Jinin Mama lafiya lau. Nawa kuwa irin naka sak. Sauran lissafin ka yi da kanka.

Ka tuna sunan da su Gwaggo suka sa wa Mama? Rariya. A gabanmu suke faɗa, Baba na zaune yana gyaran hula kamar bai ji ba. Ɓari shida ta yi tsakanina da kai. Har yau kullum da safe sai ta goge hotonsa tana cewa bawan Allah ya yi haƙuri da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai, jiya na same ta tana ɗura jiƙo a jarka za ta aika wa matarka, tana cewa, "Yarinyar nan mararta ba ta riƙo, ta cuci ɗana." Mama fa, Yaya!

Ka faɗa musu, su biyun.

Ƙanwarka.

Auta,

Bayan gaisuwa, ki iya bakinki. Baba yana kabari, bai san komai ba, me tonon zai ƙara wa tsohuwa in ba hawan jini ba? Ita kuma matata zan faɗa mata, lokaci nake jira. Jiƙon ai ba ya kisa, tana toshe hanci ta shanye. Ke ba ki san yadda ake kallon namiji ba in irin wannan ta fita. Ko almakashi na ɗaga a shago sai an yi gulma.

Ki huta lafiya.

Yaya,

Barka da aiki. Wata uku na ba ka, jarka ta uku ce ta ƙure ni. Na ƙwace ta daga hannun Mama, na zaunar da ita na yi mata bayani da misalin nan naka na takalma.

Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Ashe shekara da shekaru maganin ciwon wani nake sha." Ta tuttular da jiƙon a makwarara. Hoton yana nan, amma tun ranar ƙura ce a kansa.

Ta kira matarka da kanta don ta nemi gafara. Ta ɗauka ka riga ka faɗa mata. Ni ban gyara mata ba.

Sai na ji daga gare ka.

Auta,

Salam. Matata ta tafi gidansu shekaranjiya. Ta ce ɓarin na Allah ne, kuma da ta zauna da ni ko da ba haihuwa har abada. Abin da ba za ta yafe ba shi ne safiyoyin da na riƙa miƙa mata kofin jiƙon da hannuna, ina sane.

Rigar Mama na cikin ledar da na haɗo da takardar nan. Ban tsaya yi mata aiki a wuya ba.

Yayanki.