Awarwaron da Ya Hana Ni Shiga Na'ura

Mesaimeer, Doha

Zuwa ga angona da bai tsufa ba sai a gemu, inuwar tsamiyata da rana tsaka, ruwan sabuwar randa, Malam na Zaituna ita kaɗai!

Bayan sallama, ga gaisuwa buhu-buhu kamar hatsin kaka. Ya Funtua? Wa ke dama maka fura yanzu, yana sane da cewa ba ka son gudaji? Ni kam tun da na zo wankan jegon matar autanmu Muttaka, ga teku, ga fitilu kamar an zazzage taurari a ƙasa, amma idona bai ƙoshi ba. Ina amfanin garin da ba a jin tarinka da asuba?

To, ka gyara zama, gwiwar nan tawa ce ta tayar da rigima. Likita ya ce sai an ɗauki hoton cikinta, ya rubuta manyan haruffa uku na Turanci, wai MRI. Ni da na tsaya a aji huɗu na ɗauka sikan ɗaya ne duk duniya, irin na masu juna biyu, har na fara salati, da tsufana! Ashe kowane hoto da sunan da ake rubuta masa. Wannan wani rami ne kamar bututun kwalbati, a zura mutum ya yi ta buga masa ganga. Kuma maganaɗisu ne a jikinsa, ko allura ba a shiga da ita.

Malam, ka tuna ranar kasuwar Bakori, muna sabon aure, da ruwan sama ya tsare mu a rumfar mai goro? Ka kama hannuna, ka zura mini awarwaro, ka rantse azurfa ce tsantsa. Ni kuma na yi maka alkawarin ba mai cire shi sai wadda za ta yi mini wankan ƙarshe.

Sai ga ma'aikaciyar asibitin, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta kanga wa awarwaron ɗan maganaɗisu. Ɗaf! Ya manne. Azurfa, Malam? Azurfar da ke bin maganaɗisu kamar akuya ta ga dusa? Na yi dariya har da hawaye. Kada ka sunkuyar da kai, masoyina, na sani tun daminar farko da ya yi mini baƙi a fata. Shiru na yi, don ƙaryar nan taka ta fi mini gaskiyar maƙeran duniya daɗi.

Aka ce sai an cire shi kafin in shiga. An sa sabulu, an sa man zaitun, an zura leda, awarwaro ya ce yana nan. Hannun amarya ya zama hannun kaka, kuma hatsin rumbunka ne ya jawo. Sai dai a yanke. Yussif, abokin Muttaka mai walda a unguwar masana'antu ta Sanaiya, ya ce zai yanka a hankali, in an gama ya haɗe shi. Kowa sai yalla-yalla yake yi mini, wai in yi sauri, na ce sam, na kama hanyar gida. Wanda ya sa, shi ke da izinin cirewa.

Amma ka duba, hasken idona: in ba hoto ba magani, in ba magani ba hawa jirgi, in ba jirgi yaushe zan gan ka? Wayyo, wannan ne ke hana ni cin abinci! Sun sake ba ni ranar Alhamis. Don Allah ka turo muryarka ta wayar Muttaka kafin nan, ka ce ka yarda. Kada ka tsaya jan aji irin naka, gwiwa ba ta san jan aji ba.

Jiya na ɗan tura awarwaron sama na leƙa. Ashe ya bar mini zobe fari a fata, ya zagaye hannun tsaf, inda rana ba ta taɓa gani ba tun ranar Bakori. Da shi zan shiga ramin nasu. Wannan kam ba zarton da zai yanke shi, da shi kuma za a binne ni.

Taka har gaban abada,
Zaituna