Zuwa ga Kamfanin da Ya Kulle Mini Shafi Ana Tsakiyar Fari

Zuwa ga Mai Girma Darektan kamfanin da ke ba mutane shafin rubutu kyauta a intanet,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata, in dai akwai mutane a cikinsu. Na ce haka ne don wata biyar ina rubuto muku, ban taɓa samun amsar da ta yi kama da ta mai numfashi ba.

Sunana Isufu. A unguwarmu ta Kara-Kara, nan Damagaram, Mushe Isufu ake ce mini, wato Malam Isufu a bakin Faransanci, don na shekara talatin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kafin in ajiye alli. Bara, da damina ta yi mana ruwa biyu ta ɗauke, na buɗe shafi a wurinku. Duk mako nakan hau moto in zaga ƙauyukan Tirmini da Garagumsa, in rubuta inda gero ya ƙone, da inda rijiya ta ƙafe, da inda rumbu ya zama ɗakin kwanan kaji. Masu karantawa 'yan uwanmu ne da ke nema a Kano da Agadas da Libiya, kuma da rubutuna suke sanin inda za su tura taimako. Ga kukana, bi da bi.

Na ɗaya. Ba ku faɗa mini cewa za ku riƙa liƙa talla a gefen rubutuna ba. Ni in na shiga ba na ganinta, sai masu karatu. Na rubuta labarin wani ƙauye da mata ke jiƙa anza kwana uku don ɗacinta ya fita a samu abin ba yara, sai kuka ɗora tallar maganin rage ƙiba a kansa, har da hoton wata baiwar Allah tana auna ƙugunta da igiyar tela. Yayan matata, Alhaji Mamman, ya kira ni daga Kano ko gaisuwa babu. Ya ce, "Isufu, in zaman gida ya gagare ka, ka faɗa mana. A ƙasar da maza ke ƙara wa bel huda kake sayar da maganin rama?" Na rantse masa har na gaji, bai yarda ba. Bayan mako guda wata Hajiya daga cikin birni ta yi sallama a gidana, wai a ba ta kwalba biyu. Matata Zainabu ta dube ta sama da ƙasa, ta ce maganin ya ƙare, amma in ta yarda ta zauna da mu kwana goma za ta ga aiki. Da na rubuta a kan rijiyoyin da suka ƙafe kuwa, laima kuka tallata.

Na biyu. Injinku bai san Hausa ba, kuma bai san bai sani ba. Duk inda na sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya maye gurbinsu da alamar tambaya, har rubutuna ya koma kamar na mai shakkar abin da ya gani da idonsa. Sau biyu yana yi mini tayin fassara shi daga wani harshe da ban taɓa jin sunansa ba.

Na uku, kuma shi ne babba. A wani ƙauye yamma da Tirmini na ɗauki hoton saniyar wani dattijo, Malam Habu. Ita kaɗai ta rage masa cikin bakwai, ta kwanta ta kasa tashi, mutum huɗu na ɗaga ta da sanduna. Shi da kansa ya ce in ɗauka, don 'ya'yansa da ke Agadas su gani su daina cewa yana ƙara wa magana gishiri. Na sa hoton ranar Talata. Ranar Alhamis na je sibar, wato shagon da muke hayar ordinatar, kwamfuta ke nan, na tarar kun kulle shafin gaba ɗaya, wai ina yaɗa hotunan zaluntar dabbobi. Ranka ya daɗe, in akwai wanda za a tuhuma a kan saniyar nan, ba ni ba ne, ba kuma Malam Habu ba ne. Na rubuto muku da Faransanci mai tsabta, irin wanda nake ba yara a dikte, wato shifta. Amsa ta zo kafin in ɗauke hannu daga kan injin: an gode, kukana yana da muhimmanci. Sau goma sha ɗaya na rubuta, sau goma sha ɗaya yana da muhimmanci.

Na huɗu. Kullewar ta zo daidai lokacin da 'yan Damagaram na Kano suka haɗa gero cike da kamiyo ɗaya, babbar motar kaya. Jerin ƙauyukan da suka fi shan wuya yana cikin shafin, kuma ban ajiye shi a wani wuri ba, wannan wautata ce. Ni kuma ranar da geron ya iso ina daji inda waya ba ta kamawa. Da suka duba suka ga babu shafi, sai suka bi abin da wani ya tuna, suka sauke geron a wani ƙauye mai suna kusan iri ɗaya da na Malam Habu, wanda Allah Ya ba shi ruwa daidai gwargwado. Mai garin ya karɓa, ya yi addu'a mai tsawo, bai yi tambaya ba. Ƙauyen Malam Habu sai da ya ƙara kwana goma sha tara kafin a sake haɗa wani abu. A cikin kwanakin nan gida shida suka ɗaura kaya suka yi kudu, har yau huɗu ba su dawo ba. Wannan ban same shi abin dariya ba.

Na biyar, don ku san inda na koma. Na kai kukana wurin Madam Rakiya, wadda muka yi aiki tare, yanzu tana koyar da ordinatar a lise, babbar sakandare. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Mushe, kai da ka hana ɗanka gina ɗaki a filin aro, me ya kai ka zuba rubutun shekara guda a gidan mutanen da ba ka san ko ƙofarsu ba?" Ta sa na yi hayar wuri a kan sarbar, injin da ke riƙe shafuka, muka ɗora manhajar rubutu da hannunmu, da adireshi mai sunan da na zaɓa. Yanzu babu abin da ke hawa shafin sai wanda na ɗora. Kowane ƙauye yana da ɓangarensa, da sunan komin ɗinsa, wato ƙaramar hukumarsa, a gefe, don kada gero ya sake ɓatan hanya. Na rage nauyin hotuna, shafin yana buɗewa ko a sibar ɗin da intanet ke tafiyar jaki. Na ba malamai biyu, ɗaya a Tirmini ɗaya a Garagumsa, izinin rubutawa kai tsaye, ƙashin bayana ya huta da moto. Duk Juma'a ina kwafe komai a kan kile, ɗan abin nan mai kamar makulli da ake soka wa ordinatar, Zainabu ta jefa shi cikin kwallar da take ɓoye sarƙarta. Haruffanmu kuma sun samu ƙugiyoyinsu.

Ba zan ɓoye muku ba, gidan kai ma da wahalarsa. Ana biyan haya, kuma in abu ya lalace babu wanda zan zaga. Ran nan na danna wani wuri, shafin duk ya yi fari fat kamar allon da aka wanke. Na kira Madam Rakiya, ta yi mini faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi ba, muka maido da komai daga kile kafin la'asar. Na ɓata da hannuna, na gyara a yini ɗaya. Ku wata biyar ke nan.

Buƙatuna uku ne. Ku maido mini da rubutuna na bara, don akwai sunayen rijiyoyi da maganganun dattawan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Ku rubuto takarda ɗaya mai sa hannun mutum, cewa tallar nan taku ce, in aika wa Alhaji Mamman. Sannan kafin ku sake kulle shafin wani, ku sa ɗan Adam ya duba, in da hali wanda ya taɓa ganin saniya.

Ban riƙe ku a zuciya ba. Allah Ya ƙara muku basira, Ya tsare ku daga ganin irin shekarar da muka gani, Ya ba ku damina mai albarka in kuna noma. In kuma wata rana hanya ta biyo da ku Damagaram, ku tambayi gidana a Kara-Kara, akwai tabarma da inuwa. Abinci za mu san yadda za mu yi. Ruwan sha dai ku taho da naku.

Wassalam.

Naku,
Mushe Isufu
Kara-Kara, Damagaram