'Yar Holan a Bayan Tayata

Gent,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga Vake, mahaifina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya ƙugun naka? Yaya sanyin bakin teku a Oostende? Yayana Dirk ya ce ka sake cusa na'urar kunnenka cikin aljihun tebur, wai tana yi maka kukan sauro. Shi ya sa na ɗauki biro, don in na buga waya sai dai mu yi ta "Me kika ce?" har ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta gaji ta karɓe.

Ina so ka ji wannan magana daga wurina kafin jarida ta riga ni. A gasar tseren keken mata ta bin babur da za a yi a filin katako na Kuipke ranar Lahadi, 23 ga wata, zan hau derni, babur ɗinmu na jan 'yan keke, kamar kullum, amma ba Sien Vandaele zan ja ba. Renske Boonstra zan ja. E, ita, 'yar Holan ɗin nan mai dogon wuya da ta kunyata mu a Apeldoorn bara, har ka jefi talabijin da silifa.

Kafin ka yaga takardar, karanta zuwa ƙasa. Shekara shida ina gaban Sien ina tsaga mata iska, tayar kekenta tana bin tayar babur ɗina da tazarar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Ban taɓa kayar da ita ba. Kofi huɗu muka ɗauko wa Beljiyam tare. A watan Agusta sabon kocinta ya turo min saƙon waya mai layi biyu, wai sun ɗauki Kurt Baeyens, don ya fi ni faɗin baya, zai fi tare mata iska. Ban musa ba, Kurt kam kamar ƙofar gareji yake. Amma da Sien ta tako ta faɗa min da bakinta, wallahi da na dafa mata kofi na yi mata fatan alheri. Ko sau ɗaya ba ta kira ba.

Wata biyu na zauna ina goge babur, babu ɗan ƙasar nan da ya neme ni. Sai wata ranar Talata mota mai baƙuwar lamba ta tsaya a ƙofar garejina, keke ɗaure a samanta. Yarinyar ta fito, ko gaisuwar kirki babu, ta ce, "Ke ce Greet Van Hoorde? An ce mutanenki sun jefar da ke. Mu ba ma barin abu mai kyau a bola." Na ce mata, "Ai kowa ya san ku 'yan Holan da tsimi, ganyen shayi ma sau uku kuke jiƙa shi." Ta yi dariya har da dafa mota. Washegari muka hau katakon tsere.

Ba izini nake nema ba, Vake, shekarata arba'in da shida. Ina gaya maka ne don kai ka ɗora ni kan babur ɗin nan tun ƙafata ba ta kai ƙasa ba.

Ka riƙa shan maganinka. Ka gaida su Mista Leon na ɗakin kusa.

'Yarka,
Greet

Gent,
13 ga Nuwamba.

Vake,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an canja maka maganin ƙugu, Allah ya sa a dace, ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso. Layi uku, kuma ko sunana ba ka rubuta ba. Ka ce babur ɗin da ya ja zakarun Beljiyam shekara talatin ba zai ja rigar lemo ta 'yan Holan ba, in mayar maka da abinka. Jiya kuma sai ga Yaya Dirk da tirela, yana sosa ƙeya yana cewa, "Ni dai aiko ni aka yi, Greet, kada ki cinye ni." Na ba shi miya da burodi, na nuna masa kwaɗon da ke ƙofar gareji, ya koma da tirelarsa yadda ya zo da ita.

Ba zan mayar ba. Ranar da likita ya hana ka hawa, a gaban marigayiya Moeke, mahaifiyata, ka miƙa min makulli ka ce ya zama nawa. Tun daga lokacin sau biyu na canja injin, na canja sarƙa, na canja tayoyi ban san iyaka ba. Abin da ya rage naka a jikinsa sirdi ne kawai, shi ma don ya saba da ni ne.

Ba kai kaɗai ba ne, in hakan zai sanyaya maka rai. A shagon Marleen, inda magoya bayan Sien ke taruwa, an juya hotona yana kallon bango. Na shiga ranar Asabar, wurin ya yi tsit kamar an shigo da gawa. Sai Staf mai gyaran famfo ya ɗaga kofin giyarsa ya ce, "A ba baƙuwa wuri, daga Holan take, ta sha hanya!" Na ce, "Staf, kai da ko keken jikarka ba ka iya hawa sai an riƙe maka, yau kai ne mai tsaron ƙasa?" Aka yi dariya, amma babu wanda ya matsa min a benci. A tsaye na sha kofina, kuma sai da na shanye shi tas. Da na fito na tarar an ɗora min ƙullin cuku a kan mota, an zana masa ido da baki, wai ni ma na zama mai kan cuku, yadda ake tsokanar 'yan Holan. Cuku ne mai kyau, shi muke ci har yau.

Ba zan ɓoye maka ba, da na shiga mota na daɗe ban tayar da ita ba. Marleen ce ta riƙe min 'yata Lien ranar da aka yi mata baftisma. Ita ce ta juya hoton da hannunta.

Renske kuwa, bakinta ba ya hutawa, kuma duk abin da ke ranta sai ta faɗa. Ta ce katakon Kuipke ƙarami ne kamar bahon wankan jariri, ta ce soyayyen dankalinmu ya cika mai, ta cinye nata ta sa hannu a nawa. Amma in ta kwanta a bayan tayata, Vake, ba na jin ta sam. Ba ta rawa, ba ta taɓa ni, ba ta barin tazara. In na ƙara wuta tana nan, in na sassauta tana nan. Da ka gan ta da ka yi shiru, irin shirun yabon nan naka da na sani.

Na ajiye maka tikiti a wurin Dirk, kujera ta gaba, kusa da layin ƙarshe inda babu matakala. Ko ka zo ko kada ka zo, kujerar taka ce.

'Yarka, ko ka rubuta sunan ko ba ka rubuta ba,
Greet

Gent,
24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Vake,

Ina gaishe ka, ina tambayar jiki. Da fatan ka tashi lafiya. Kujerarka ta wuni babu kowa jiya, sai rigar sanyin Dirk. Tunda an ce ka rantse ba za ka kalla ba, bari in ba ka labari, don ba na so ka ji shi a bakin Staf.

Tun ƙarfe biyu na rana wurin ya cika maƙil. Baƙi da rawaya da ja, launin tutarmu, ko'ina, a fuska, a hula, har a gemu. 'Yan Holan sun zo da bas biyar, suka tare wata kwana ta filin da rigunansu na lemo da kakaki da ganga, namu na yi musu waƙar masu kan cuku, su kuma suna ramawa da cewa mu koma mu gyara ramukan titunanmu. Da mai sanarwa ya kira sunan Sien, na ji katako yana rawa a ƙarƙashina. Da ya kira nawa, fiton Allah wadai ya tashi. Mutum dubu uku, Vake, a filin da na koyi tafiya. Wani ya jefo kofin roba, giya ta zubo min ta cikin wuya. Renske ta leƙo ta ce, "Haka kuke yi wa naku? Mu sai mun biya ake ba mu giya." Na ce ta rufe baki ta kama taya.

Zagaye casa'in ne, mu shida. Na bar Kurt ya yi gaba da Sien, na zauna a na uku, na bar wata 'yar Jamus ta ƙone kanta a tsakani. Wajen zagaye na sittin muka wuce ta, ya rage mu biyu. Ihu ya yi yawa har ba na jin ko Renske "Ƙara!" take cewa ko "Sassauta!", sai dai in leƙa ta ƙarƙashin hammata in karanta fuskarta.

Saura zagaye goma sha huɗu ina daf da bayan Sien, sai na ga kafaɗarta ta hagu ta fara sauka. Duk duniya ni kaɗai na san ma'anar wannan. In ta yi haka, abin da ya rage a ƙafarta bai wuce zagaye huɗu ba, sai an sassauta mata ta numfasa. Kurt bai waiwaya ba. Ihun jama'a ya hau masa kai, sai ƙara wuta yake yi.

Zagaye guda cur na yi ina faɗa da kaina. Yarinyar nan a kicin ɗina ta yi kuka ranar da ta karya ƙashin wuya. Abin da na sani game da ita, amana ce ta sa na san shi. Amma akwai wata a bayana da ta ba ni tata amanar yau, tana gudun kilomita sittin a awa da tayata a gaban hancinta. Na murɗa, na ƙara wuta.

Na hau sama inda katako ya miƙe kamar bango, muka jera da su. Zagaye uku muna kafaɗa da kafaɗa, mu a waje inda hanya ta fi tsawo. Wannan karon na ji Renske sarai, tana ihu, "Sassauta! Sassauta, Greet!" Na ƙi. Na san tana da saura, ita ce ba ta sani ba. A na huɗu tazara ta buɗe tsakanin Sien da Kurt, iska ta doke ta a ƙirji, shi kenan. Kurt sai da ya yi rabin zagaye shi kaɗai kafin ya gane babu kowa a bayansa.

Mun ci da tazarar mita arba'in. Ban taɓa jin Kuipke ta yi shiru haka ba, in ban da kwanar 'yan lemo da ta haukace.

Aka miƙo wa Renske tutarsu don zagayen murna. Ta zo tana haki, ta ce tun da take ba a taɓa ƙin jin maganarta haka ba, ta rungume ni, ta miƙo min gefen tutar wai mu riƙe tare. Na ce mata, "Ke na ja, ba ƙasarki ba. Riƙe abarki." 'Yan Holan suka ga haka, su ma suka yi min fito. Ka ga ke nan jiya na samu daga ɓangare biyu, ban bar kowa da kewa ba.

Ina ɗaure babur a tsakiyar fili Sien ta zo, tawul a wuya, idanu jajur. Ta ce, "Kafaɗata kika gani." Na ce, "Shekara shida ina ce miki ki gyara ta." Ta tsaya tana murza tawul, can ta ce da ta san haka ne da ta kira ni, kuma ko zan dawo kafin gasar Turai ta Fabrairu. Na ce mata na riga na ba Renske kalmata har Fabrairu, kuma ni ba na sallamar mutum da saƙon waya. Ta sunkuyar da kai. Na gyara mata tawul ɗin, na ce ta gaya wa Kurt ya riƙa waiwaye, wuyansa ba zai karye ba.

Ban yi nadama ba, Vake. Na so a ce daɗin ya fi haka, amma ban yi nadama ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Greet

Gent,
27 ga Nuwamba.

Vake,

Gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi. An ce ka fara takawa zuwa ɗakin cin abinci ba sanda, na ji daɗi ƙwarai.

Yaya Dirk ya dawo daga wurinka ya kawo min saƙonka kamar yadda ka ba shi. Na ɗaya, ba ka kalli gasar ba, ka sa an kashe talabijin tun kafin a fara. Na biyu, har yanzu ba ka yafe ba. Na uku, wai a zagaye na saba'in da takwas na hau sama fiye da kima a kwana ta biyu, na sa yarinyar mutane ta yi tafiyar mita biyu a banza, kuma ba haka ka koya min ba.

Dirk ya faɗi na ukun yana kallon silin, don kada ya yi dariya.

Gaskiyarka, na hau da yawa. Na ji shi a jikina tun a lokacin. Ranar Lahadi zan shigo jirgin ƙasa na ƙarfe goma, in zo da takarda da fensir ka zana min inda ya kamata in bi, don katakon gasar Turai ta Fabrairu ya fi namu tsawo kuma ban san shi ba. Renske ta ce za ta biyo ni, wai tana son ganin tsohon da ya jefe ta da silifa. Na ce mata ta sa rigar da ta ga dama.

In ka rufe ƙofa, za mu zauna a baranda mu ci dankali har ka buɗe. Ka sa na'urar kunnenka, yarinyar akwai surutu.

Taka har kullum,
Greet