Ranar da Babanki Ya Mutu a Tsaye

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu da ba sa barin mutum ya kammala magana a waya. Allah Ya ƙara miki juriyar aikin asibiti, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da kike jinya. Mu nan sai godiya. Mamarki ta samu sauƙin ciwon kan nan tun da ta yarda ta sa tabarau, ko da yake har yau cewa take yi ya tsofar da ita. Matar ƙaninki tana nan da tsohon ciki, muna ta zuba ido. Ni kuwa ina nan tare da keken ɗinkina, ba a san wanda zai riga gajiya ba tsakanina da shi.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, saboda kin gaji saurin fushin gidanmu, kuma na san a waya ba za ki bar ni in kai aya ba. Ƙaninki ya ɗauki abin duka a wayarsa, amma na hana shi tura miki sai takardar nan ta iso. To ki nemi wuri ki zauna. Babanki ya sake hawa dandamali. Kafin ki miƙe tsaye, ki sani lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana tsakar gida yana yi wa mamarki gardama a kan gishirin miya.

Kin san yayana, wato babanki, da ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo tun ba a haife ki ba, kuma kin san ni ce nake ɗinka musu tufafin wasa tun ina budurwa. Abin da ba ki gani sosai ba, saboda mamarki ba ta yarda a kai ki kallo kina ƙarama, shi ne aikin da aka san shi da shi. Shi ne mai mutuwa. In za a soki wani a wasa, ko a ba shi guba, ko baƙin ciki ya kashe shi, to babanki ne. Sai ya sandare, ya tafi da baya gaba ɗayansa kamar ƙyaure, ba ya ko kare kansa da hannu, katakon dandamali ya ba da wata ƙara da ake ji har bakin titi. Daga nan ne mutane suka laƙaba masa Marigayi. A kasuwa sai ki ji ana cewa ga Marigayi nan ya zo cefane, shi yana ta fara'a, mamarki tana neman tsari.

Kin kuma san yadda aka yi da ƙugunsa ya karye bara, ke kika tsaya a kan komai daga nesa har aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Ina wurin lokacin da likita ya gaya masa, ba ɓoye-ɓoye, cewa ƙarfen ba zai ɗauki faɗuwa ko ɗaya ba, in ya sake faɗuwa to shi da tafiya sun yi sallama, sai dai a tura shi a keke. Ranar kika sa na yi miki alkawari cewa muddin ina numfashi ba zan bar shi ya faɗi ba. Sannan kika aiko masa da sandar nan ta katako mai kan ƙarfe. Ya karɓa yana shi miki albarka, amma gaskiya ya tsane ta. In baƙi sun zo sai ya tura ta bayan kujera da ƙafa.

Ana nan sai rufin zauren wasansu ya fara yoyo. Da farko bokiti ake jerawa, daga baya ruwa ya sauka a kan akwatunan kayana, ya lalata mini rigunan da na fi so. Masu duba gine-gine suka zo suka ce ko a sake rufin ko a rufe wurin. Shugaban ƙungiyar, yaron kirki ne mai ƙwazo amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri, sai ya kawo shawarar a shirya liyafa, a karrama tsofaffin 'yan wasa, a gayyato masu hannu da shuni su ba da gudummawa. Babanki yana cikin waɗanda za a karrama, kuma babu wanda ya yi musu, don ya cancanta. Matsalar ta taso ne da shugaban ya je gayyatar wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kwanon rufi. Mutumin ya ce yana yaro yake tsallake katanga don ya ga faɗuwar Marigayi, in har zai sake ganinta sau ɗaya da idonsa, shi kaɗai zai rufe zauren daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shugaban namu ko tunani bai yi ba ya ce an gama.

Da labari ya iso gida, na ɗauki gyalena na tafi zauren. Ba zan rubuta miki abin da na gaya wa shugaban ba, don yara za su iya ganin takardar. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce zai koma ya janye maganar. Amma babanki ya riga mu. Ya aika wa ɗan kasuwar cewa ya zo, zai ga mutuwa irin wadda bai taɓa gani ba. Mamarki ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina ba shi shayin safe, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni na tuna masa maganar likita, na tuna masa ke. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a wannan zauren ya ciyar da ku, a nan ya fara ganin mamarki tana dariya a layin gaba, ba zai zauna a kujera riƙe da lambar yabo ana rufe wurin a kan idonsa ba. Ya kuma ce in yarda da shi. Na ce masa tun muna yara duk sanda ya ce in yarda da shi, ni nake shan duka.

Daga nan ya fara shiga ɗakinsa bayan azahar ya sa sakata. Jim kaɗan sai mu ji abu ya bugi ƙasa. Mamarki ta ruga ta yi ta dukan ƙofa, shi kuma ya buɗe da sandarsa a hannu, ko ƙura babu a jikinsa, ya tambaye ta ko gobara ake yi. Haka aka yi ta yi kusan kullum. Ni kuwa na ce tun da na kasa hana shi, bari in yi abin da na iya. Na ɗauki wandon wasansa na ɗinke masa soso mai kauri a ƙugu ta ciki, gefe da gefe. Da ya gwada, ya tsaya gaban madubi ya juya, ya ce ƙanwarsa ta mayar da shi agwagwa. A gabana ya sa reza ya farke, ya miƙo mini sosona ya ce in yi matashi da shi.

Ban kira ki ba a lokacin, kuma ba zan ba ki haƙuri a kan haka ba. Da na kira, da kin bar aikinki kin taso, ku yi ta sa-in-sa, shi ya ƙara kafewa. Na san yayana. In aka matsa masa sai ya yi abin da ya fi muni don ya nuna bai tsufa ba. Na yanke shawara zan tsaya a gefen dandamali inda hannuna zai kai gare shi, in ya tafi da baya in shiga ƙarƙashinsa, gara nawa ƙashin ya karye.

Liyafar da yamma aka yi. An jera tebura da fararen ƙyallaye a inda benci suke, an ɓoye bokitan yoyo a bayan labule. Mutane sun cika maƙil, har da waɗanda rabona da su tun gashina yana baƙi. Aka kira tsofaffi ɗaya bayan ɗaya aka ba su lambar yabo. Da aka zo kan babanki, zauren ya ɗauka da Marigayi, Marigayi, ya fito yana dogara sandarki, ya karɓa, ya ce ya gode da aka karrama shi yana raye, don ya saba sai ya mutu ake tafa masa. Ɗan kasuwar yana teburin gaba yana dariya har da buga cinya. Mamarki tana kusa da shi, ko ruwa ta kasa sha.

Sai aka rage fitilu aka fara guntun wasan. Tsohon wasansu ne, inda yake fitowa a dattijo mai gadin ƙofa, ya hana azzalumi shiga, a soke shi. Ina tsaye a gefe kusa da mai jan labule. Aka soke shi da wuƙar katako. Ya dafe ƙirji, ya ja da baya har daidai wurin da ya saba faɗuwa, inda katakon ya yi santsi saboda shi. Ya miƙe sak, ya fara karkata baya. 'Yata, na cire takalmana na ɗaga ƙafa zan shiga. Sai na ga ya tsaya a nan, ya miƙa hannun da ke riƙe da sandar, ya buɗe yatsunsa a hankali. Sandar ta tafi da baya a miƙe, yadda shi yake tafiya a da, kan ƙarfenta ya bugi katakon, ƙarar ta cika zauren. Shi kuma kansa ya sauko kan ƙirjinsa, hannayensa suka saki, ya tsaya cak a kan ƙafafunsa biyu ba motsi. A nan na gane abin da yake ta jefarwa a ɗaki duk kwanakin nan.

Na ɗinka wa mutumin nan kayan mutuwa fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa kuka ba, don na san zai tashi ya nemi abinci. Ranar na yi kuka. Mai jan labule ma, ƙato da shi, ya saki igiya ya rufe fuska yana sheshsheƙa, ya manta aikinsa. Babanki yana tsaye ba sanda, karo na farko tun da aka yi masa aiki. Can sai na ji gawar tana magana ta gefen baki, ba tare da leɓe ya motsa ba, tana tambaya ko sai ya mutu da gaske za a ja labulen. Na ture ƙaton na ja da kaina.

Da labule ya rufe na ruga zan riƙe shi, ya ce in bari. Da ƙafarsa ya taka ya fita gaban mutane ya rusuna kaɗan, kowa yana tsaye ana tafi. Ina ta tunanin ko ɗan kasuwar zai ce ba haka aka yi da shi ba. Sai ga shi ya hau dandamali da kansa, idonsa jajur, ya ɗauki sandar. Ya ce ya zo ganin abin da ya sani ne, aka nuna masa abin da bai sani ba, kuma a turo mota a kwashi kwano. Wasu ma suka tashi suka yi alkawarin katako da fenti da kujeru. Ɗan kasuwar ya roƙi a sayar masa da sandar ya rataye a shagonsa. Babanki ya karɓe ta daga hannunsa ya ce wannan 'yarsa ce ta aiko masa, ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu ga abin da nake so da ke. Na san kina shirin ɗauke shi ya koma wurinki, inda za ki sa masa ido. Na san ƙauna ce ta sa, amma ki bar shi. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu yana ɗingishi, kuma washegarin liyafar ƙugun ya yi masa tsami sai da aka gasa. Mun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ƙarfe yana nan daram. An fara aikin rufin, babanki kuma an ba shi kujera a gefen dandamali yana koya wa matasa yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, yana nuna musu da sanda, yana yi musu faɗa. Cin abincinsa ya dawo, barkwancinsa ya dawo. In kika raba shi da wurin nan, a ɗaki zai zauna yana kallon bango, kuma wannan faɗuwar babu mai tare ta. Ni ina nan, idona yana kansa. Ke ki ɗauki hutu ki zo da yara, su ga kakansu a wurin aikinsa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na gode da maganin gwiwa. Ki gaida babban yaronki, da 'yar autarki mai tsiwa, ki ce mata rigarta tana kan keke. Mamarki tana gaishe ki, haka ƙaninki da matarsa, da kawunki mai gyaran agogo. Babanki ya ce in gaya miki sandarki ta gaji sana'arsa, kuma ta fi shi iya faɗuwa. Ya daina ɓoye ta a bayan kujera, yanzu duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ita.

Alkawarin da na yi miki yana nan yadda na ɗauke shi. Babanki bai faɗi ba.

Taki har kullum,
Gwaggonki mai ɗinki.