Injin Auta da Tumakinta

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki? Ba zan ja zance ba. Sati biyu ke nan da ciwon zuciya ya kayar da Baba a bakin shago. An sallamo shi daga asibiti, amma ya ƙi shan magani sam. Wai injinki yake jira, wanda ke wanke jini bayan zuciya ta buga. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin. To, Likita, ga ranarki ta zo, sai ki zo ki ɗauke shi.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka. Don Allah ka fahimce ni, tumaki muke yi wa. Mu ne ma muke toshe musu jijiyar zuciya da gangan bayan allurar barci, mu zuƙo jinin ya bi ta na'urar tacewa, ta tsame sinadaran da ke kumbura zuciya, sannan mu mayar. Cikin awanni ake yi, ba bayan sati biyu ba. Cikin goma sha biyu, biyar a hannuna suka mutu. Ba mu taɓa jona injin a jikin mutum ba, ni kuma ba likitar mutane ba ce.

Ka lallaɓa shi ya sha maganinsa. Ba zan iya tasowa ba sai ranar Alhamis, don ni ke ɗibar jinin sauran tumakin duk awa shida, in na tsallake ɗaya aikin shekara ya rushe.

Allah ya ba shi lafiya.
Ƙanwarka

Auta,

Salam. Tumaki! Sai yanzu kika tuna? Ranar da Baba ya tara maƙwabta a falo yana cewa 'yarsa ta ƙera injin ceton masu ciwon zuciya, kina zaune kina murmushi kina gyara tabarau. Na ja ki kicin na yi miki magana, kika ce, "Bar shi ya ji daɗinsa." To ya ji.

Na karanta masa wasiƙarki. Ya ce ni na ƙirƙira, wai hassada nake miki don ban wuce gyaran fanka ba. Ni da nake ɗaga shi zuwa banɗaki! Wallahi abin ya ƙona min rai. Sau uku kina kiransa a waya, daga "ya jiki" sai "sannu", kin kasa faɗa masa. Ƙafafunsa sun fara kumbura.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki

Auta,

Salam. Na gaji da jiran amsarki. Shekaranjiya na juye ƙwayoyin asibitin a sabuwar kwalba, na ce masa ke kika aiko kafin injin ya iso. Ko ruwa bai jira ba ya haɗiye. Ya yi ta sa miki albarka, sannan ya dube ni ya ce in riƙa koyi da ke.

Yanzu yana sha safe da yamma, kumburin ya fara sauka. In kin zo Alhamis, kada ki ƙaryata ni.

Yayanki