Kurɓin Farko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Laraba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina hutawa lafiya a inda babu tashin asuba, babu hayaƙin murhu. Ni ce autarki Rifkatu, daga New York. Jikarki Hannatu tana lafiya, har ta wuce ni tsawo. Aiki kuma muna nan muna fama. Shekara shida ke nan da rasuwarki ban taɓa zama na rubuta miki ba. Lokacin da kike raye ma kaset nake aiko miki, tunda ke da karatu ba ku taɓa shiri ba. Yau dai rubutun zan yi, domin maganar ta fi ƙarfin bakina.

Inna, likita ya ce in daina shan giya. Na san abin da za ki fara tambaya: wace giya kuma, a ƙasar Turawa? Taki ce, Inna. Burkutunki nake dafawa a nan, shekara takwas ke nan, kuma ban taɓa gaya miki ba don kada ki ce na haye teku na koma gindin tukunya.

Ga yadda aka fara. Shekarata ta farko a garin nan, a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kamar yadda nake har yau. In yi musu wanka, in ba su abinci, in juya su a gado. Daga Litinin zuwa Juma'a Turanci nake yi har muƙamuƙina ya gaji. In na dawo ɗakina da ke ƙarƙashin wani gida a unguwar Jamaica, sai in zauna da rigar sanyi a jikina in yi ta kallon bango.

Wata rana na je shagon wani Alhaji mutumin Gana a unguwar Morrisania neman daddawa, sai na ga jar dawa a buhu. Na cusa hannuna ciki har wuyan hannu, na kasa cirewa. Na saya na ɗauko a jirgin ƙasa. A bahon wanka na jiƙa ta, na baza ta kusa da bututun ɗumama gida har ta tsira, na shanya, na niƙa kaɗan-kaɗan a injin markaɗe. Inji biyu na ƙona kafin in koyi haƙuri da su. Alhajin ya san sarai abin da nake yi da dawarsa. Duk zuwan da na yi sai ya ce, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, “Madam, kai dai kana son koko.” Ni kuma in ce masa ƙwarai kuwa.

Mutum uku na kira ranar farko. Kafin shekara ta zagayo mun kai goma sha huɗu. Kowace Asabar, daga ƙarfe biyu na rana, sai ki ji ƙafafu suna saukowa. Akwai na Jos, akwai na Kafanchan, da na Zuru, da na Numan, kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa mu. Masu ɗaukar kaya a filin jirgi, direbobin bas, masu jinya irina. A ɗakin nan ake samar wa baƙo aiki, a nan ake ba mai tafiya gida wasiƙu, a nan aka yi shawarar yadda za a kai gawar ɗaya daga cikinmu garinsu. Ranar da labarin rasuwarki ya zo, ban iya zuwa ba saboda takarduna ba su fito ba. Su ne suka zauna da ni kwana uku, suna karɓa-karɓa tsakanin aiki da aiki.

Kin tuna abin da kike yi a rumfarki ranar kasuwa. Ba kya miƙa wa kowa ƙwarya sai kin ɗiba kin kurɓa a gabansa. Ina yarinya na tambaye ki dalili, kika ce, “Wadda ta dafa ita ke fara sha. In ba ki yarda da tukunyarki ba, kada ki ba ɗan wani.” Haka nake yi a nan. Babba a cikinmu, Baba Ishaya, wani dattijo mai gadin banki, shi ya fara yaba mini. Ya ce, “Wannan ’yar gida ce, an koya mata.” Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

To, amma bari in faɗa miki gaskiya, tunda ba ki taɓa son kwana-kwana ba. Mutum goma sha huɗu ba tare suke zuwa ba. Duk wanda ya shigo sai na kurɓa masa. Kurɓi ya zama rabin ƙwarya. Abin da ya rage a tukunya kuma ba zubarwa nake yi ba, ni ke bin sa Lahadi da Litinin, wani lokaci har Laraba. Ina ce wa kaina ai ba giyar kwalba ba ce, abinci ne, hatsi ne. Ran nan ina ba wata tsohuwa shayi da cokali, hannuna yana rawa har na ɓata mata riga. Ta dube ni ta ce ko sanyi nake ji. A tsakiyar zafi ne.

Likitan ya gwada jinina, ya zana mini hanta a takarda, ya ce tawa ta fara tabo. Ya ce in na bari yanzu akwai sauran dama. Sannan ya shiga lissafa mini abin da zai biyo baya in ban bari ba: ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, mutum ya riƙa rikicewa yana manta sunan nasa. Yana faɗa ina jin kamar wasiƙar yaya Yohanna yake karanta mini, wadda ya rubuto bayan an binne ki. Ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsallake.

Yohanna ya rubuta cewa sammu aka yi miki. Ya ce Asabe ce, mai rumfar da ke kallon taki, don ta ga kin fi ta ciniki. Na yarda. Shekara shida ina tsine wa matar nan a zuciyata, har a cikin coci. Gidanmu kaf aka daina gaishe ta. Inna, ba Asabe ba ce. Shekara talatin kina kurɓa wa duk wanda ya zauna a bencinki. Na fito daga asibitin na zauna a tashar bas, bas uku suka wuce ban tashi ba.

Ban gaya wa kowa ba. Kunya ta hana ni. Ni da nake wa mutane faɗa a kan gishiri da hawan jini, ni ce zan tsaya in ce giya ta ci mini hanta? Sai na ce bari in yi dabara. Asabar ta zo, na ɗibo, na kai ƙwarya baki, na jiƙa leɓe kawai na sauke. Na ɗauka babu wanda ya lura. Baba Ishaya ya karɓi tasa, ya riƙe ta jim kaɗan yana kallona, sannan ya ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ce, “Yau cikina ba daɗi.” Na kusa da shi ya ajiye. Kafin a jima ƙore duk suna ƙasa, kumfa tana kwanciya, ana hirar zafi da tsadar haya kamar a ɗakin jiran likita. Ƙarfe huɗu ɗakin ya watse.

Ban ce sun zaci zan kashe su ba. Mutanen nan sun yi kuka tare da ni. Amma hannun da ya saba tun daga gida ba ya ɗaga ƙwaryar da mai ita ta ƙi. Da ni ce a wurinsu, da na ajiye.

Kwana biyu bayan nan ƙawata Saratu ta kira ni a waya. Ta ce magana ta rabu biyu. Wasu sun ce maganin ɓera da mai gida ya zuba ne ya taɓa dawar, na sani na yi shiru don kada in yi asara. Wasu kuma sun ce sabon coci na shiga. Ta ce, “Sister, ki faɗa mini tsakani da Allah, ko kin zama born again ne kina kallonmu kamar ’yan wuta?” Na yi dariya na ce ba ko ɗaya. Nan ne ya kamata in faɗa mata, amma sai na ce ana kirana a wurin aiki.

Asabar ta gaba na wanke kaina daga zargi. Na cika ƙwarya fal, na tsaya a tsakiyar ɗaki na shanye a gabansu har na kifa ta. Aka yi tafi. Baba Ishaya ya ce a sa kaset ɗin waƙoƙin gida, Saratu ta tashi da rawa, aka yi ta tsokanar wani ɗan Zuru da ya auri Baturiya yana ɓoye mata barkono a aljihu. Abin da ya fi damuna, Inna, shi ne na ji daɗin ranar nan har cikin raina. Washegari ban iya zuwa coci ba. Hannatu ta tsaya a bakin ƙofa da kayan Lahadi, ta ce mini da Turanci ta ga takardar asibitin a cikin jakata. Ta tafi ita kaɗai.

Na nemi hanyar tsakiya, kada ki ce ban nema ba. Na ce Saratu ta riƙa kurɓawa a madadina. Baba Ishaya ya ce ba a yin haka, ai ba ita ta dafa ba. Na yi tunanin in bar kowa ya zo da kwalbarsa. Amma na san kaina. Ba zan zauna cikin warinta awa biyar ina riƙe da kofin ruwa ba.

Sai na daina dafawa. Na ce musu aiki ya yi mini yawa, amma su zo, akwai kunun zaƙi da masa. Asabar ta farko mutum biyar suka zo. Suka ci, suka yaba, suka dubi agogo. Ni kaina na rasa abin faɗa. Ashe shekara takwas giyar ce ke buɗe mana baki, ban sani ba. Asabar ta biyu mutum biyu, su ma tsaye suka sha kunun. Na ji yanzu a unguwar Tompkinsville ake haɗuwa, can tsallaken ruwa, gidan wani mai firji cike da kwalabe. Mutanen da ke cewa unguwata ta yi nisa, ga su suna hawa jirgin ruwa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Na raini ’ya’yan wasunsu, na kwana a asibiti da matan wasu. Na zauna ina lissafa wannan a raina ina wanke kofunan da ba a taɓa ba. Daga baya haushin ya sauka, domin ƙarya na yi musu, kuma ba su san abin da suke bari ba. Mutum ya yi kwana biyar yana ɗaga akwatunan wasu, ranar hutunsa guda ba zai ɓata ta a kan kunu da shiru ba.

Yau kwanana goma sha tara ban sha ba. Rawar hannun ta ragu. Barci yana zuwa, ko da yake ba shi da daɗi. Ba zan ce miki na ji sauƙi a raina ba, na gaji ne kawai. Kowace Litinin, ranar jiƙa dawa, sai in tsinci kaina a tsaye a bakin baho. Wani lokaci ina cewa, hantar nan tawa ce, in na ga dama in sayar da shekara goma in sayi Asabar ɗina. Sai in tuna yadda Yohanna ya ce kin kira shi da sunan ƙanenki da ya mutu tun kuna yara, in ga Hannatu a gefen gadona ina kiranta da sunan wata.

Saboda haka na bari, Inna. Sana’arki ta ƙare a hannuna, ki yafe mini. Na rubuta wa Yohanna na ce ya ɗauki matarsa su je su gaishe da Asabe, in tana raye, su roƙe ta gafara a madadinmu duka. Wannan wasiƙar kuma zan ba Saratu ta karanta wa mutanenmu a duk inda suka taru, domin ta bakinki ne kawai na iya faɗa musu. Baba Ishaya, ka ji dalilin. Tukunyar ba ta taɓa samun matsala ba, mai tukunyar ce. Ban ce kowa ya ajiye tasa ƙwaryar ba, kuma ban fi kowa tsarki ba. Ƙofa dai tana nan inda kuka san ta.

Ubangiji ya ba ki hutun da ba ki samu a duniya ba. Ya gafarta mana abin da muka ɗora wa baiwar Allah ba da hakkinta ba. Ya riƙe hannuna ranar Litinin, ya ba ni haƙurin ranar Asabar. In kuma ɗakin nan zai zauna shiru ne, to ya koya mini zama a cikinsa. Amin.

Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Na ja ta ne don ba na so in ajiye alƙalamin. Tun ranar Lahadi ban yi Hausa da kowa ba, sai ke.

Taki har abada,
autarki, Rifkatu