Ba Za Mu Kai Nasara Ƙauye Ba

Iku, Suleja,
Jihar Neja.

Zuwa ga Yayata Debora,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban Timoti da yara duka a Jalingo. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma nan da sauƙi. Ina ta jelen Abuja kullum, in fita da sassafe in dawo a gajiye. Matata Laraba tana gaishe ki, sai dai ta rame ƙwarai, in kin gan ta sai kin sake dubawa. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sa'ad da na kira ki a waya maganar takan maƙale mini a wuya, in ɓige da tambayar damina.

Maganar 'yarmu Nasara ce. Watan jiya ta cika shekara bakwai, har yau ba ta ce Mama ba, ba ta ce Baba ba. Likitan da muka gani a Abuja ya ce abin da ke tare da ita sunansa otizim, wanda a rediyo ake ce wa galahanga. Ya ce ba iska ba ce, ba laifin kowa ba ne, kuma babu allurar da za ta cire shi, sai koyarwa da haƙuri. Makaranta uku ke nan suna maido mana ita. A ta ƙarshen, shugabar ta ce iyayen sauran yara sun yi barazanar kwashe 'ya'yansu. Dole Laraba ta ajiye koyarwa, aikin da kin san yadda take sonsa. A coci ma yanzu waje suke zama, gindin taga, don ƙarar ganga na sa Nasara ihu. Wata daga zumuntar mata har ta tambayi Laraba a gaban mutane ko akwai zunubin da ba ta furta ba.

Wata biyu da suka wuce, a babbar kasuwar Suleja, Laraba ta saki hannun Nasara don ta ɗaure ledar tumatir, daidai lokacin aka tayar da injin niƙa kusa da su. Nasara ta zura da gudu. Awa uku muna nema. A bayan tashar mota muka same ta, jama'a sun yi mata zobe, wani na cewa mahaukaciya ce, wani na ɗaukar ta a waya. Amma kafin mu iso wata mai sayar da yadi, Sakinatu, ta riga ta tura mutane baya, ta yi mata inuwa da mayafinta, ta zauna a ƙasa gefenta ba tare da ta taɓa ta ba. Da nake mata godiya, ta ce in bar godiya, ita ma tana da irinta a gida, ɗanta Muhsin mai shekara goma sha biyu. Ta ce tun daga nesa ta gane, da ta ga yarinyar ta toshe kunne tana jijjiga jiki.

A gidanta muke haɗuwa yanzu duk Lahadi bayan la'asar, mu gida shida masu irin waɗannan yara, Musulmi da Kirista. Babu ƙwararre a cikinmu. Wani malami, Adebayo, da yake zuwa taimaka mana, an yi masa canjin aiki zuwa Minna, sai dai kowa ya faɗi abin da ya gwada. Ɗaya daga cikin iyayen, Maman Obinna, ita ce ta koya mana yanke hotuna mu manna a kwali: kofi, shinkafa, bayan gida. Makon jiya Nasara ta ɗauko hoton kofi ta miƙa wa uwarta. Laraba ta ba ta ruwa, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Amma Yaya, ba zan ɓoye miki ba, nakan dawo daga can zuciyata ta fi nauyi. Mahaifin Muhsin ya tafi ya bar su tun yaron na shekara biyar. Yanzu Muhsin ya fi uwarsa tsawo, in ya birkice ba ta iya riƙe shi. Sai in dubi tawa, 'ya mace, wadda ko wani ya cuce ta ba za ta iya faɗa ba.

Ana cikin haka Baba ya aiko ƙanenmu Gidiyon. Saƙon shi ne in mun je Kirsimeti mu bar Nasara a ƙauye, akwai mai magani, mu kuma mu dawo mu nemi wata haihuwar. Da na matsa wa Gidiyon da tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce an riga an gyara ɗakin da ke bayan rumbu, an sa masa sakata ta waje. Na ce ya gaya wa Baba ba zan kawo ta ba. Tunda nake ban taɓa yi wa Baba musu ba sai ranar, kuma tun daga nan bai sake ɗaukar wayata ba. Abin da ya fi ci mini rai, bayan tafiyar Gidiyon Laraba ta ce mini da ta ji saƙon, sai da ta ji wani sanyi a ranta na ɗan lokaci, kuma ta tsani kanta saboda haka. Na san shekara nawa ta yi ba ta huta ba.

Roƙona biyu ne. Ki yi wa Baba magana, ke yake saurara. Sannan ki zo mana ko na mako guda. In kin zo kada ki rungume ta, kada ki sa turare, ki zauna kusa da ita kawai ki ƙyale ta. Wataƙila har ki koma ba ta dube ki ba, kada ki ji haushi. Ni da Laraba ba za mu dawwama ba, Yaya. Ina so tun muna da rai a samu mutum ɗaya a danginmu wanda in ta gan shi ba za ta gudu ba.

Ki gaishe mini da Baban Timoti, da Timoti, da Sebastine. Ku sa mu a addu'a, ku ambaci Nasara da sunanta.

Ni ne ƙanenki,
Markus.